Amanar da ke biyo bayan sakin fulogin

Shawarar da aka fi ba duk wanda hannunsa ya fara faɗawa a rubutun manhaja ita ce ya nemi wata ƙaramar matsala, ya warware ta da ɗan aikin da zai yi bayan ya tashi daga ofis ko a ƙarshen mako, sannan ya sake shi ga jama'a. Galibi abin da ake nufi shi ne fulogin, wato ƙaramar manhajar da ba ta tsayawa da ƙafarta sai an jona ta a jikin wata babba, kamar WordPress (manhajar gina shafukan intanet) ko burauzar Chrome ko Visual Studio Code (manhajar da ake rubuta kod a cikinta), domin ta ƙara mata wani aikin da masu ita ba su saka ba. Ina goyon bayan wannan shawara, domin ni ma na bi ta kuma na ga amfaninta. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne rabinta kawai ake faɗa. Ana kwaɗaita wa mutum ranar saki, ana siffanta masa daɗin ganin sunansa a rumbun fulogin, amma ba kasafai ake gaya masa cewa daga ranar da baƙo na farko ya ɗora wannan aiki a kan shafinsa ya ɗauki amana ba, kuma wannan amana tana daɗewa fiye da zumuɗin da ya sa ya fara.

Dalilin da ya sa fulogin ya dace da aikin gefe a bayyane yake. Wanda zai gina cikakkiyar manhaja sai ya tanadi komai da kansa, tun daga yadda za a shiga da kalmar sirri har zuwa inda za a adana bayanai, bayan haka kuma ya fita neman masu amfani da ita. Mai fulogin ya tarar an riga an gina gidan, an kuma tara masa jama'a. WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, ya buɗe ƙofar fulogin a 2004 da wata dabara mai sauƙi: a wurare daban-daban cikin aikinsa ya bar ƙugiyoyi, ta yadda idan ya zo adana rubutu, ko nuna shafi, ko tura imel, sai ya ɗan dakata ya duba ko akwai wanda ya rataya wani umarni a wurin. Wasu ƙugiyoyin na aikata wani abu ne a daidai lokacin, wasu kuma na sauya bayani ne kafin ya wuce gaba. Da wannan ne mutum ɗaya, da layukan kod kaɗan, yake iya canja halin shafin da dubban mutane suka yi shekaru suna gina tushensa. A yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kan WordPress suke, kuma rumbunsa na ɗauke da fulogin kyauta kusan dubu sittin.

Akwai waɗanda suka bi wannan hanya suka kai inda ba su yi tsammani ba. Takayuki Miyoshi, ɗan ƙasar Japan, ya rubuta Contact Form 7, wanda miliyoyin shafuka ke karɓar saƙonnin baƙi da shi. Joost de Valk na ƙasar Holan ya fara da fulogin da ke taimaka wa shafi ya fito da kyau a binciken Google, abin ya girma ya zama kamfanin Yoast, aka saye shi a 2021. Elliot Condon na Ostireliya ya yi Advanced Custom Fields, Eric Amodio kuma ya yi GitLens domin Visual Studio Code, wanda kamfanin GitKraken ya saya a 2021. Waɗannan labarai gaskiya ne, kuma su ne ake yawan maimaita wa mai farawa. Sai dai ƙalilan ne cikin dubbai, kuma abin da ya raba su da sauran ya fi alaƙa da shekarun da masu su suka shafe suna gyara da amsa tambayoyi fiye da kyawun tunanin da suka fara da shi.

Nawa fulogin ɗin ƙarami ne ƙwarai. Aikinsa shi ne ya tattara duk abin da baƙi suka cike a fom ɗin shafi, ya tura wa mai shafin a imel guda ɗaya kowace safiya, maimakon imel hamsin su riƙa faɗo masa ɗaya bayan ɗaya. Don kaina na rubuta shi, cikin ƙarshen mako uku, sannan na ga babu dalilin ɓoye shi. Da na miƙa shi ga rumbun fulogin domin a duba, masu tantancewa, waɗanda su ma 'yan sa-kai ne, suka dawo mini da shi da gyararraki: akwai wurin da nake karɓar abin da baƙo ya rubuta ba tare da na tace shi ba, akwai kuma wurin da nake nuna shi a allon mai shafi yadda yake, wanda ke nufin mai mugun nufi zai iya cusa umarni ta cikin fom ɗin. Na gyara, na gode musu, aka sake shi. A watannin farko ina buɗe shafinsa kusan kullum in ga ko adadin masu amfani ya motsa.

Bayan kusan shekara guda na yi wata sabuntawa domin in tsabtace kod ɗin, kuma a cikin tsabtacewar na canja sunan wurin da ake adana adireshin imel ɗin mai shafi. A kwamfutata komai ya yi aiki, domin da na gwada na sake cike saitin daga farko. Ban tuna cewa waɗanda suka daɗe suna amfani da shi adireshinsu yana ƙarƙashin tsohon sunan ba. Fulogin ɗin bai nuna wata alamar tangarɗa ba. Ya duba sabon wurin, ya tarar babu komai, ya yi shiru. Kwana goma sha ɗaya bayan nan wani saƙo ya shigo mini da dare daga wata mata da ke kula da rajistar ɗalibai a wata ƙaramar cibiyar koyarwa, a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba, kuma daga yadda jimlolin suke na gane na'ura ce ta fassara mata shi. Ta ce sun ɗauka babu wanda ya nemi shiga ajin da za su buɗe, har sun fara shawarar soke shi, sai da wani uba ya kira yana tambayar dalilin da ya sa ba a ba shi amsa ba. Bayanan ba su ɓace ba, suna nan a rumbun shafinta, kuma gyaran bai wuce layi huɗu ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta rubuta saƙon: tun daga farko har ƙarshe tana cewa "kamfaninku", tana roƙon a haɗa ta da sashen da ke kula da ƙorafi. Ba ta san mutum ɗaya ba ne, a kan teburin ɗakinsa, da ƙarfe sha ɗaya na dare, wanda gobe da safe yana da wani aikin da shi ne ke ciyar da shi.

Wannan rata tsakanin abin da mai amfani yake zato da abin da yake gaskiya ita ce zuciyar batun. Mai shafi yana danna maɓalli ɗaya ya ɗora fulogin, kuma a idonsa abin ya fito ne daga rumbu amintacce, saboda haka amintacce ne. Bai san cewa a WordPress fulogin yana da iko daidai da na uwar manhajar ba: yana iya karanta duk abin da ke rumbun bayanai, ya ƙirƙiri sabon mai gudanarwa, ya sauya kowane fayil da sabar ta ba shi dama. Haka abin yake a burauza, inda ƙari da yawa, wato fulogin na burauza, ke neman izinin karantawa da canja duk abin da mutum ke gani a kowane shafi, har da shafin bankinsa da akwatin imel ɗinsa, mutane kuma suna amincewa ba tare da sun tsaya sun karanta ba. A ƙara da sabuntawa ta kai-tsaye, wadda ke sa duk abin da mai fulogin ya tura yau ya shiga dubban na'urori kafin gobe ba tare da kowa ya duba shi ba. Rahotannin shekara-shekara na kamfanin tsaro na Patchstack suna nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɓarakar da ake ganowa a duniyar WordPress daga fulogin take fitowa, ba daga uwar manhajar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagar tana yawan kasancewa a ɗan aikin da wani ya yi da kyakkyawar niyya, ya kuma daina leƙawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cewa manyan ɓarnar da aka gani a wannan fage ba daga ranar farawa suka samo asali ba, daga ranar gajiya ne. A 2017 mai wani fulogin na WordPress da ake kira Display Widgets, wanda kusan shafuka dubu ɗari biyu ke amfani da shi, ya sayar da shi, sabon mai shi kuma ya saka masa ɓoyayyiyar ƙofa da yake cusa tallace-tallacen banza ta cikinta a shafukan mutane, har aka cire shi daga rumbu. A 2020 mai The Great Suspender, wani ƙarin Chrome da ke rage wa kwamfuta nauyin shafukan da aka bari a buɗe, ya miƙa shi ga wani da ba a san ko wane ne ba, kuma a Fabrairun 2021 Google ya cire shi, ya kashe shi a burauzar masu amfani da shi kusan miliyan biyu saboda an gano mugun kod a ciki. Duk wanda ƙarinsa ya tara jama'a ya san irin imel ɗin da ke zuwa, mai ladabi, mai yabon aikin, yana tayin saye. Ya kamata mutum ya tsaya ya tambayi kansa abin da ake son saya. Kod ɗin a buɗe yake, kowa na iya ɗaukarsa kyauta. Abin da kuɗin ke nema shi ne makullin sabuntawa, wato hanyar shiga na'urorin mutanen da suka yarda da tsohon mai shi.

Akwai misalai biyu da ba fulogin ba ne a ma'anar da na fara da ita, amma ciwon ɗaya ne. A 2018 Dominic Tarr, wanda ya rubuta wani ɗan kunshin kod mai suna event-stream da ake saukewa kusan sau miliyan biyu a mako, ya miƙa ragamarsa ga wani baƙo da ya nuna sha'awar ci gaba da kula da shi, domin shi ya daɗe da daina amfani da shi kuma ba ya samun komai a kai. Baƙon ya saka kod da aka tsara domin satar kuɗin intanet daga manhajar Copay. A Maris na 2024 kuma Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura cewa shiga wata sabar yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a xz, wata manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya saka ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakawa da gyare-gyare na gari har ya samu yarda. Mai kula da aikin na asali, Lasse Collin, ya riga ya bayyana tun 2022 cewa ƙarfinsa ya ragu kuma aikin na sha'awa ne da ba a biyan sa, yayin da wasu sunaye da ba a san su ba suke ta matsa masa lamba ya ƙara wani a kan ragama. Ban ga laifin gajiyar waɗannan mutane ba. Na ga yadda masu kutse suka fahimci cewa mai aikin sa-kai da ya gaji shi ne ƙofar da ta fi sauƙin turawa.

Na san amsar da za a ba ni, domin ta daɗe tana yawo a tsakanin masu buɗaɗɗiyar manhaja: wanda ya ba da aikinsa kyauta babu wanda ke bin sa bashi. Lasisin GPL da na MIT duka sun faɗa ƙarara cewa an ba da manhajar yadda take, babu garanti ko kaɗan. Ta fuskar doka haka ne, kuma ta fuskar adalci ma akwai gaskiya mai yawa a ciki. Babu wanda ya isa ya tilasta wa mutum ya yi aikin kyauta har ƙarshen ransa, ko ya amsa kowane ƙorafi, ko ya ƙara kowane fasalin da aka nema, kuma waɗanda ke zuwa su ba fulogin kyauta tauraro ɗaya saboda ba a amsa musu cikin awa biyu ba suna zaluntar mutumin da ya yi musu alheri. Amma akwai bambanci tsakanin bashin aiki da bashin gaskiya. Mutum yana da 'yancin ya ajiye kayan duk ranar da ya ga dama. Abin da nake ganin ba shi da hurumi a kai shi ne ya ajiye su a ɓoye, ya bar mutane suna tsammanin har yanzu akwai mai tsaro, ko ya miƙa makullin ga wanda bai sani ba ba tare da ya sanar da waɗanda suka dogara da shi ba. Yardar da suka ba shi ba kadararsa ba ce da zai sayar.

Hanyoyin sauka cikin mutunci suna nan, kuma ba su da wuya. A rumbun WordPress mutum na iya saka wa fulogin ɗinsa alamar da ke nuna yana neman wanda zai karɓe shi, rumbun da kansa ma yana gargaɗin mai saukewa idan ba a gwada fulogin da manyan fitowa uku na baya-bayan nan ba. A GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, mutum na iya rufe ma'ajiyar aikinsa ta zama ta karatu kawai, ya rubuta a samanta cewa ya daina, ya nuna wani madadin. Idan wani yana son ci gaba, zai iya kwafar kod ɗin ya sake shi da sabon suna, ya tara nasa jama'ar da nasa aikin, ta yadda duk wanda ya koma wurinsa ya koma ne da saninsa. Abin da bai dace ba shi ne fita cikin fushi. A Maris na 2016 Azer Koçulu ya janye kunshinsa fiye da 250 daga npm, rumbun da ake rarraba kunshin kod, bayan an karɓe masa wani suna an ba wani kamfani, kuma ɗaya daga cikinsu, left-pad, mai layi 11 kacal, ya tsayar da ayyukan dubban mutane da ba su san da rigimar ba. A Janairun 2022 Marak Squires ya lalata kunshinsa biyu, colors da faker, da gangan, bayan ya daɗe yana ƙorafin cewa manyan kamfanoni na cin gajiyar aikinsa a banza. Ƙorafin nasu yana da tushe, amma dukan ya sauka ne a kan ƙananan masu aiki irinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa nake ganin lokacin da ya dace mutum ya tsara yadda zai bar fulogin shi ne kafin ya sake shi, sa'ad da yake da natsuwa kuma bai riga ya gundura ba.

Wani abin da ba a cika gaya wa mai farawa ba shi ne cewa a filin wani yake gini. Nauyin kula da fulogin ba daga kurakuransa kaɗai yake zuwa ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ma tana motsi. A Nuwamban 2017 Firefox ya fitar da siga ta 57, ya daina karɓar tsohon salon ƙari gaba ɗaya, dubban ayyukan da aka yi shekaru ana kula da su suka mutu a rana ɗaya sai waɗanda aka sake rubutawa. A Disamban 2018 WordPress ya kawo sabon editan Gutenberg, masu fulogin da yawa waɗanda harshen rubuta manhaja na PHP kawai suka sani suka ga dole su koyi wani harshen, JavaScript, sosai. A 2024 Google ya fara kashe ƙarin da ke kan tsohon tsarin Manifest V2 a Chrome, abin da ya shafi har uBlock Origin na Raymond Hill, wanda miliyoyin mutane ke toshe talla da shi. Wani lokaci kuma mai filin yana ganin abin da ka gina ya yi kyau sai ya gina irinsa a cikin uwar manhajar, kamar yadda ya faru a 2002 lokacin da Apple ya fitar da Sherlock 3 da ayyuka masu kama da na Watson, wata manhaja ta ƙaramin kamfanin Karelia. Har rumbun da ake rarraba fulogin ma ba na mai fulogin ba ne: a Oktoban 2024, a tsakiyar rigimar Automattic, kamfanin Matt Mullenweg, da WP Engine, kamfanin da ya mallaki Advanced Custom Fields, an karɓe shafin Advanced Custom Fields a rumbun WordPress aka maye gurbinsa da wani kwafi mai sabon suna, sai da kotu a Amurka ta ba da umarni a Disamba kafin aka mayar. Idan haka za ta iya faruwa da fulogin da ke da kamfani da lauyoyi a bayansa, mai aikin gefe ya kamata ya san matsayinsa. Darasin da na ɗauka shi ne mutum ya bar fulogin ɗinsa ƙarami, ya yi abu ɗaya ya yi shi da kyau, domin kowane fasali da ya ƙara alkawari ne na sake gyara shi duk lokacin da ƙasa ta motsa.

Batun kuɗi shi ne inda mutane da yawa ke jin nauyi, ni kuwa ban ga abin kunya a ciki ba. Mai fulogin da ya saki kashi ɗaya kyauta ya sayar da wani kashi, ko ya karɓi kuɗi domin tallafin gaggawa, yana gina abin da zai ba shi damar ci gaba da tsayawa a bakin aikin. Maɓallin gudummawa shi kaɗai ba kasafai yake ɗaukar nauyin mutum ba. Lokacin da ɓarakar Heartbleed ta bayyana a manhajar OpenSSL a Afrilun 2014, duniya ta farga cewa OpenSSL, wanda wani babban kaso na tsaron intanet ya dogara da shi, gudummawar da yake samu a shekara ba ta wuce kusan dala dubu biyu ba. A Disamban 2021 kuma 'yan sa-kai ne suka hana idonsu barci suna toshe ɓarakar Log4j, wani kunshin kod na kyauta da manhajoji da yawa ke amfani da shi, yayin da kamfanoni masu ribar biliyoyi ke jiran gyara. Saboda haka amanar da nake magana a kai ba ta kan mai rubutu kaɗai ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da kasuwancinsa ke tafiya a kan fulogin ɗin mutum ɗaya ya kamata ya san sunan mutumin, ya biya shi, ko ya ba ɗaya daga cikin ma'aikatansa lokaci ya taya shi, kuma tun da GitHub ya buɗe Sponsors, tsarin tallafa wa masu rubuta kod da kuɗi, a 2019 babu mai uzurin cewa bai san ta inda zai bi ba. Su ma masu rumbu suna da nasu kason. Matakin da WordPress ya ɗauka a Oktoban 2024 na wajabta wa masu fulogin tantancewa ta mataki biyu kafin shiga asusunsu abu ne mai kyau, kuma ina ganin ya kamata kowane rumbu ya riƙa sanar da masu amfani a fili duk lokacin da fulogin ya canja hannu, ya kuma dakatar da sabuntawa ta kai-tsaye har sai sun amince da sabon mai shi.

Sai dai wanda ya fara karɓar kuɗi ya sani cewa ya canja yarjejeniyar. Wanda ya biya yana da haƙƙin a amsa masa, akwai batun mayar da kuɗi, akwai harajin ƙasashen da masu saye suke, akwai kuma dokoki irin wadda Tarayyar Turai ta kafa a 2024 kan tsaron kayayyakin dijital, wadda ta bambanta manhajar da ake kasuwanci da ita da wadda aka bayar ba don riba ba. Kafin duk wannan ma, mai aikin albashi ya karanta takardar ɗaukarsa aiki da kyau, domin wasu kamfanoni suna rubuta cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira da kwamfutarsu, ko a lokacinsu, ko a fagen da suke kasuwanci, nasu ne.

Yanzu da na'urorin ƙirƙirarriyar basira ke iya rubuta fulogin mai aiki cikin yamma ɗaya, maganar ta ƙara zama ta gaggawa. Gini ya yi arha, kula kuwa tana nan da tsadarta. Wanda ya saki kod ɗin da shi kansa ba zai iya karantawa layi bayan layi ba, ranar da aka aiko masa da rahoton ɓaraka ba zai san ko gyaran da na'urar ta ba shi ya toshe ta ko ya rufe ta da zane kawai ba. Ba na hana kowa amfani da waɗannan na'urori, ni ma ina amfani da su, amma sunan da ke kan fulogin na mutum ne, kuma shi matar da rajistarta ta tsaya za ta rubuta wa.

Bayan abin da ya faru da ita na canja abubuwa da dama. Kafin kowace sabuntawa yanzu ina gwada ta a kan kwafin shafin da ke ɗauke da tsohon saiti, kuma idan fulogin ɗin ya tarar babu adireshin da zai tura wa, yana nuna gargaɗi ja a allon mai shafi maimakon ya yi shiru. A saman bayaninsa na rubuta cewa mutum ɗaya ne ke kula da shi a lokacin da ya samu, cewa rahoton ɓarakar tsaro yana gaban komai kuma ga adireshin da za a aiko shi, cewa sauran tambayoyi na iya ɗaukar mako guda, kuma idan na yanke shawarar dainawa zan sanar wata uku kafin lokacin, ba zan kuma miƙa asusun ga kowa a ɓoye ba. Na yi tsammanin wannan zai kori mutane, sai na ga saƙonnin da ke zuwa sun ƙara taushi, har wasu biyu suka fara aiko da gyara da kansu. A bara wani imel ya zo daga wani da ya ce yana wakiltar masu zuba jari, yana son sayen fulogin ɗin tare da asusun da nake sabunta shi. Na amsa masa da tambayoyi uku: sunan kamfanin da inda aka yi masa rajista, abin da suke shirin canjawa a cikin kod ɗin, da kuma ko sun yarda in sanar da masu amfani wata guda kafin a miƙa. Ya sake rubuto mini sau ɗaya, ya ƙara farashin, bai taɓa ko ɗaya daga cikin tambayoyin ba. Ban sake ba shi amsa ba, kuma a makon da ya biyo baya na saki sabuntawar da ta daidaita fulogin ɗin da sabuwar sigar PHP.